Ranar da Mijina Ya Kashe Babana a Rediyo

Ina tankaɗen garin dawa a tsakar gida na ji labarin rasuwar mahaifina. Ba wanda ya yi sallama ya shigo, ba wanda ya zaunar da ni ya fara da zancen haƙuri kamar yadda ake yi. Daga cikin rediyon da muke ratayewa a reshen darbejiya labarin ya fito, kuma da muryar mijina.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, wanda ɗan garinmu ne, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Ngawundere ba. Mijina shi ke karanta sanarwa da Hausa a rediyon Garwa bayan labaran rana: aure, suna, ɓatan shanu, sai rasuwa a ƙarshe. In ya zo kan rasuwa ko kasuwa takan yi tsit, domin ta nan mutanen Marwa da Poli, har da danginmu na tsallaken iyaka, suke sanin inda za a je gaisuwa. Ranar na ji ya yi salati, sannan ya faɗi sunan Baba da na kakana da unguwarmu, ya ce motar kaya ta kife da shi a gangaren Ngawundere.

Ku yarda ko kada ku yarda, abin da ya fara dukan zuciyata sunan ne. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa jin mijina ya kama sunan surukinsa ba. Ko wani mai irin sunan ne ya faɗo a sanarwa, abokin aikinsa yake bar wa ya karanta. In ya hango Baba a hanya sai ya sake lungu, in kuwa ba wurin gudu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Da na ji sunan nan ya fito daga bakinsa tiryan-tiryan, na san ba wasa. Rariya ta kuɓuce mini, kaji suka hau garin, ni kuwa na fita ko mayafi babu, sai da maƙwabciyata ta biyo ni da nata.

Bari in tsaya in faɗa muku irin mutumin da na aura, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna muku ba. Ɗan lekol ne, wato ɗan boko, mai fara'a, ba ya riƙon kowa, amma yana da cuta guda ɗaya, ita ce tenis. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki raket ya hau babur ya nufi wani filin jar ƙasa can wajen gidajen ma'aikata, inda manyan ofis da 'yan Nasaran da suka rage ke taruwa. Ya fita da fararen kaya fes, ya dawo jajur kamar an tono shi daga rami, wanki kuma nawa ne. Gajeren wandon wasan a cikin dogo yake ɓoye shi har ya isa filin, don kada wani daga gidanmu ya gani. Ni dai ban taɓa ganin amfanin magidanci mai 'ya'ya ya yi ta tsere da ƙwallon da ba ta fi lemo girma ba, na kuma sha gaya masa.

Daga filin nan ya ɗauko wata magana da ta ishe ni: "Ta wuce." Wai a wasansu in ka ɓarar da ƙwallo sai ka juya wa raga baya, ka gyara zaren raket, ka juyo kamar ba a yi komai ba, domin wanda ya tsaya jimamin wadda ta ɓace, ta gaba a goshi za ta same shi. In na ƙona tuwo, ta wuce. In yaro ya fasa tulu, ta wuce. Ranar da aka sace mana akuya ma abin da ya ce ke nan, har na tambaye shi ko ruwa ne ke gudana a jijiyarsa. Dariya ya yi, ya ɗauki raket ɗinsa ya fita.

Da na isa gidanmu na tarar har an cika. Su ma a rediyo suka ji. Inna, mahaifiyata, tana ɗiban ruwa a bakin rijiya lokacin da sunan ya fito, ta yanke jiki ta faɗi a kan dakali, hannunta na dama ya karye dab da wuyan hannu. Ga kuka, ga neman mai ɗori, ba ka gane na wa ake yi. Yaya, babban wanmu, ya sa likkafani a kujerar bayan mota ya nufi kudu don ɗauko gawa.

Da yamma mijina ya zo ya durƙusa a ƙofar gida gaban dattawa, ni kuma ina jin su ta cikin zaure. Ya ce wani direban unguwarmu ne ya sauko gangaren jiya da yamma, ya ga motar Baba a kife, jandarmomi na korar mutane kada su tsaya. A gefen hanya ya hangi gawa an lulluɓe ta da shuɗiyar babbar rigar Baba, wadda duk Garwa ta san aikin wuyanta, ga hularsa a ajiye kusa. Da direban ya iso gari bai zarce ko'ina ba sai gidan rediyo, don ya san surukin Alhaji yana nan, lokacin sanarwa kuwa ya matso. Ƙa'idar aikinsu, ba a faɗin rasuwa sai an ji daga bakin gidan mamaci. Da gidan wani ne, da ya hau babur ya je ya tabbatar. Amma gidan surukansa ne, gidan da bai taɓa wuce zaurensa ba, bai ga da wane baki zai tsaya gaban Inna ya faɗi wannan magana ba. Ya ga gara ya faɗa wa ƙarfen magana na rediyo, dangi su taho da wuri tunda ba a jinkirta binnewa. Ranar ba wanda ya ga laifinsa, har sa masa albarka dattawan suka yi.

Kashegari kafin hantsi layinmu ya toshe da tabarmi. Mutanen Marwa sun iso a bayan motocin auduga, na Poli sun iso, 'yan uwan Baba na Yola sun ƙetaro. An haƙa kabari, an kawo makara daga masallaci an jingine. Inna na ɗaki da hannu a ɗaure cikin kara, ta riga ta shiga takaba. Sai aka ce ga motar Yaya nan. Maza suka miƙe gaba ɗaya, aka ɗauko makarar aka nufi motar da ita, mijina na riƙe da gefe guda. Mu mata muka yi cincirindo a bakin zaure muna leƙe.

Ƙofar gaba ta buɗe. Baba ya sauko da ƙafafunsa, cikin wata 'yar guntuwar rigar aro, kansa ba hula. Ya dubi jama'a, ya dubi makara, ya ce, "Salamu alaikum. Ku mayar da ita inda kuka ɗauko, ban shirya ba tukuna."

Na rayu na ga abubuwa, amma ban sake ganin irin wannan ba. Carbin liman ya faɗi ƙasa. Wani dattijo ɗan kasuwar goro, wanda da ƙyar yake hawa matakalar masallaci, ya haura katangar maƙwabta. Mata suka ruga cikin gida suna taka juna, wata na salati da Hausa, wata na ihu da Fillanci. Ni kuwa ina nan bakin zaure, da Baba ya zo wucewa na kama idon sawunsa na ji da ɗumi. A lokacin na fashe da kukan da ya fi na jiya. Da na ɗaga kai na ga makarar a yashe a tsakiyar hanya, mijina kuwa ko ƙurarsa babu.

Abin da ya faru shi ne, a Ngawundere wani mutum da ya sauko daga jirgin ƙasa ya roƙi Baba a rage masa hanya. Ya yi shekaru yana aikin gonar koko a kudu, zai koma gida. Sun ci abinci tare kafin a tashi, ya gaya wa Baba sunansa da na ubansa, ya ce mutanensa suna unguwar Domayo a Marwa, sannan ya hau saman kaya. Da motar ta kife, shi ne ya rasu. Baba, da ya fita da 'yan ƙujewa kawai, ya tuɓe rigarsa ya rufe shi, ya gangara ƙauyen da ke kusa neman masu taya shi wanka da haƙa. A nan suka binne shi, a nan kuma Yaya ya tarar da Baba zaune a kan buhunan gishiri yana gadin kaya.

Garwa ba ta iya ganin abin dariya ta bar shi ya huce. Kafin mako ya zagayo mijina ya samu suna, wai Mala'ikan Rediyo. In ya wuce mahauta, sai su ce, "Malam, don Allah a bar mu mu ga baɗi." Masu shayi suna gaya wa juna, wanda duk ya gaji da surukinsa ya san inda zai kai ƙara. A wurin aiki aka ce ya zauna gida tukuna. Yaya kuwa ba dariya a ransa. Mutumin da ya yi tafiyar yini da likkafanin ubansa a bayan mota, ya dawo ya tarar da uwarsa da karyayyen hannu, ba ka ce masa ya yi haƙuri. Ya zo har gidana, ya tsaya a tsakar gida ko zama bai yi ba, ya ce in tattara yara in dawo gida, zamana da wannan mutumin ya ƙare.

Ni ma ina cike da haushi, ba zan ɓoye ba. Na tanadi maganganu masu zafi, ina jira kawai ya buɗe baki ya ce mini ta wuce in sauke masa su. Bai ce ba. Bai ce komai ba ma. Mutumin da ba ya iya shan kunu ba tare da ya ba da labari ba ya koma zaman ɗaki, rediyon ya sauke shi daga bishiya ya tura ƙarƙashin gado, raket na rataye har gizo-gizo ya fara saƙa a zaren. Sallah ma a gida yake yi don kada ya haɗu da mutane. Baba ya aiko a kira shi, shi kuwa ya sulale ta ƙofar baya. Aka sake aikowa, ya ce in ce ba ya nan. Haushina ya juye ya zama tsoro, domin na fara ganin ƙasusuwan wuyansa.

Wata safiya na kai masa koko, na ce, "Malam, ba kai ne mai cewa ta wuce ba?"

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya ce, "Wannan ba ƙwallo ba ce." Sannan ya gaya mini ya riga ya yi magana da wani direba, gobe da asuba zai bi shi Kusseri, daga nan ya ƙetara Cadi inda ba wanda ya san muryarsa. Ya ce in koma gidanmu da yara, in Yaya ya nemi a sauwaƙe mini, ba zai ja ba. Ya faɗi wannan yana kallon bango. Ashe aure na iya mutuwa ba faɗa, ba zagi, ba ƙiyayya, kunya kawai.

Bayan la'asar ya sauke raket ɗin ya kaɗe, ya ce zai kai wa abokin wasansa, wani likita ɗan kudu, ya bar masa. Yana fita na yafa mayafi na tafi gidanmu. Ba al'adata ba ce in kai wa Baba zancen aurena, amma ranar na durƙusa a ƙofar turakarsa na zazzage masa duka. Ya saurara yana taunar goro har na gama. Ya ce, "Yanzu yana ina?"

Na ce, "Yana filin wasansu, Baba."

Ya ce, "Wane wasa?"

Shekarun nan duka muna ɓoye masa, ranar na faɗa. Ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Tashi ki shiga mota."

Ni ma ban taɓa zuwa filin ba sai ranar. Jar ƙasa ce an daddaɓe ta sumul, an ja mata layi da farar ƙasa, raga a tsakiya, an kewaye da waya. Baba ya sa direba ya tsaya can nesa ƙarƙashin wata bishiyar maɗaci, muka zauna a ciki muna kallo. Ashe likitan ya ƙi karɓar raket ɗin sai an yi wasan ban kwana, ya ara masa kaya. Ga mijina nan tsaye a ƙarshen fili da gajeren wando, ƙafafu duk a waje, ga ni zaune kusa da ubana. Na ja mayafi na rufe fuska, na bar ido ɗaya.

Ya jefa ƙwallo sama ya maka mata raket, ta wuce layi. Likitan ya ce, "Fot!" Maimakon ya juya baya ya gyara zare kamar yadda yake ba ni labari, sai ya tsaya ƙiƙam yana kallon tabon da ƙwallon ta bari a jar ƙasar. Ya daɗe yana kallo. Da ya buga ta biyu, a raga ta maƙale. Ya koma ɗaya gefen, haka aka sake yi: ta farko waje, ya tsaya kallon tabo, ta biyu raga. Mutanen da ke zaune a benci suka daina hira.

Baba ya ce, "Me ya sa yake riƙe biyu a hannu?"

Sai na ji bakina yana bayani. Ashe duk surutun da nake toshe wa kunne ya shiga ya zauna. Na ce mai fara bugu ana ba shi dama biyu, in ta farko ta fita sai ya buga ta biyu.

"Wadda ta fita fa, ana iya mayar da ita ciki?"

"A'a, Baba. Ta fita ta fita."

"In ta biyun ta shiga?"

"Sai a ci gaba da wasa."

"In kuma ya ajiye sandar ya tafi Cadi bai buga ba?"

Bai jira amsata ba. Ya buɗe mota ya fita.

Har yau in na rufe ido ina ganinsa: dattijo da babbar riga da rawani, yana dogara sanda, ya tura ƙofar waya ya shiga tsakiyar filin da ko Nasara ba sa takawa da takalmin gari. Wani ya ɗaga hannu zai yi magana, na kusa da shi ya riƙe shi, domin duk sun gane ko wane ne, ai mamacin ne da kansa. A daidai lokacin mijina ya sake buga wata ta fita, yana tsaye yana kallon tabonta. Da ya ɗago ya ga wanda ke tahowa, sai ya zube a wurin, ya dunƙule, ya ɗora raket a kan gwiwoyinsa wai ya rufe su. Raket kuwa duk huji ne, me zai rufe? Na biyo Baba har bakin waya, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba.

Likitan ya matso da Fillancinsa na asibiti, ya ce, "Jam na, Alhaji?"

Baba ya ce, "Jam, dokta. Ara mini mutumin nan kaɗan." Ya je ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ƙwallon da ta fita, ya jujjuya ta, ya jefa a aljihun rigarsa. Sannan ya tsaya a kan mijina ya ce, "Tashi, ɗana."

Bai motsa ba.

"Tashi mana. Ko sai na je rediyo na yi shelarka?"

Ya miƙe, kansa a sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ƙwallo guda na dunƙule a hannunsa na hagu.

Baba ya ce, "Hannun uwar matarka ba zai koma daidai ba, mai ɗori ya gaya mini. Wannan kai ka yi, ba kuma mai goge maka. Kada ka ɗauka ban ji zafi ba, na ji. Ga ta nan a aljihuna, ni zan riƙe, ba kai ba. Amma akwai mutumin da ya mutu da gaske a cikin rigata. Na aika Domayo an zaga gida-gida, ba a samu mai saninsa ba, an ce mutanensa sun tashi tuntuni. Gari duk ya shagala da wanda bai mutu ba, kai ma haka. Shi kuwa wancan ya ce mini uwarsa na da rai, ya sayo mata bargo. Tana can tana duban hanya. Gobe za ka je ka faɗa."

A karo na farko a rayuwata na ji mijina ya mayar wa Baba magana doguwa. Ya ce, "Baba, wa zai sake yarda da bakina? A ba wani ya faɗa."

"Wani bai kashe ni ba. Yanzu a ƙasar nan ba muryar da za a saurara kamar taka, kowa jira yake ya ji wa za ka kashe kuma. To, su saurara. Ni na binne shi da hannuna, ni zan zauna kusa da kai. Da safe zan biya wurin shugabanku." Ya nuna hannun mijina da sanda. "Wannan ta hannunka fa, ajiyar wa ce? Buga in gani."

Baba ya ja gefe. Mijina ya tsaya a bayan layi, gaban surukinsa, da gajeren wandon aro. Ya jefa ƙwallon sama, ya taɓa ta a hankali kamar mai miƙa wa yaro ƙosai. Ta tafi luu, ta tsallake raga da ƙyar, ta faɗi a ciki. Likitan ko raket bai ɗaga ba, bakinsa a buɗe. Baba ya ce, "Shi ke nan wasan? A kan wannan ake ɓata wa 'yata fararen kaya?" Ya juya ya nufi mota, ni ma na bi shi ina share ido da bakin mayafi.

Direban Kusseri shi kaɗai ya yi tafiyarsa. Kashegari na zaro rediyo daga ƙarƙashin gado na mayar da shi reshensa. Maƙwabta mata suka cika mini gida, ba don ƙauna ba, don kallo. Bayan labaran rana muryar ta fito, a shaƙe. Ya ce kwanakin baya ya yi sanarwar da ba ta tabbata ba, laifin nasa ne shi kaɗai, yana neman gafarar duk wanda ya wahalar. Bai tsaya jan zancen ba. Ya faɗi sunan baƙon da na ubansa, da inda ya yi aiki, da ƙauyen da aka binne shi, ya ce duk wanda ya san danginsa ya kai musu labari. Abokin aikinsa ya maimaita da Fillanci. Haka suka yi ta yi kullum.

Ba a daɗe ba wata tsohuwa ta sauka a ƙofar gidan Baba tare da ƙanin mamacin, daga wani ƙauye can bayan Marwa. A kasuwar ƙauyensu wani ya ji, saboda an taru a gindin rediyo ana jiran a ji Mala'ika ya dawo aiki. Baba ya fito mata da ƙunshin kayan ɗanta, har da bargon. Ba ta yi ihu ba, ta rungume bargon ta ce a nuna mata kabarin. Baba ya sa Yaya ya kai ta, ya kuma ce mijina ya bi su. Abin da suka faɗa wa juna a doguwar hanyar nan ban sani ba, ba wanda ya gaya mini. Yaya dai bai sake zancen in dawo gida ba, ko da yake har ya tsufa gaisuwarsu ba ta wuce gaisuwa.

Hannun Inna ya warke a karkace, ba ta sake jan guga ba. Mijina ya sa aka kai mata famfo har ƙofar ɗaki, ita kuma in tana son wani abu daga gare shi sai ta ce mini, "Gaya wa mai kashe mutanen nan." Ya koma tenis ɗinsa, na koma wankina da mitata. Amma "ta wuce" ta canza a bakinsa. In yaro ya fasa tulu, sai ya durƙusa sun tsince gutsattsarin tare, ya duba ko wani ya yanke, ya aika a sayo sabo, sannan ya faɗa.

Baba ya ƙara shekaru masu auki. Ya sha ba da labarin jana'izarsa, yana lissafa wa mutane wanda ya yi kuka da wanda ya zo cin shinkafa. Da ajalin ya zo da gaske, a kan gadonsa ya same shi da safe, bayan jinya, muna kewaye da shi. Da aka zo cire masa riga, 'yar ƙwallon nan ta faɗo daga aljihu ta gangara ƙarƙashin gado, duk gashinta ya suɗe. Inna ta zauna a gefe da karkataccen hannunta a cinya, idonta ƙamas. Mata suna kuka, ita ko ɗigo. Na ce, "Inna, Baba fa ya tafi." Ta ce, "An taɓa gaya mini haka."

Ranar mijina ya wuce zauren gidanmu a karo na farko. Ya tuɓe takalmi ya shiga har turaka, ya yaye mayafin ya dubi fuskar Baba, ya tsaya ya zuba wa masu wanka ruwa. Sannan ya hau babur ya tafi aiki.

Da rana wani ya kunna rediyo a tsakar gida. Aka yi aure, aka yi suna, aka yi ɓatan shanu. Ya yi salati, ya faɗi sunan Baba, karo na biyu kuma na ƙarshe da sunan ya taɓa fita daga bakinsa. Sannan ya ƙara abin da ba a taɓa ƙarawa a sanarwar rasuwa ba. Ya ce, "Na gan shi da idona."

A nan Inna ta ɗaga karkataccen hannun ta rufe fuskarta, ta fara kuka.